Tambayi Masu Wuta: Ja Wa Motar Lantarki Layin Caji A Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci masu aiki da batir suka fara zama abin gani a Abuja da Kano da Kaduna. Sayen motar dai magana ce ta aljihu. Inda ake shan wahala shi ne bayan an kawo ta gida, an tsaya ana duban bangon gareji. Ga wasu daga cikin tambayoyin masu karatu kan wannan, da amsoshin masu aikin wayarin na wannan fili.

Assalamu alaikum. Motata ta zo da caja mai doguwar igiya da ake sakawa a soket ɗin bango. Yanzu na ga gefen soket ɗin ya yi baƙi-baƙi, yana warin roba. Ko cajar ce jabu? (Magidanci daga Barnawa, Kaduna)

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko a daina amfani da wannan soket ɗin yau ɗin nan. Da wuya laifin cajar ne. Soket mai ƙafa uku na gidajenmu an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja), irin wannan cajar kuma yawanci amfiya 10 take ja, wato kilowat 2.3 a kan bolt 230. A takarda ya isa har da rara. Matsalar tsawon lokaci ce. Dutsen guga yana jan kusan haka, amma minti kaɗan ne ya yanke, soket ya huce. Mota kuwa in ta fara ja, awa takwas ne ko goma ko fiye ba ta saki ba. Duk wani noti da bai ɗauru ba, duk wani harshen soket da ya saki, a nan zafi zai taru, roba ta gasu, harshen ya ƙara saki, zafin ya ƙaru. Haka gobara take farawa cikin dare.

In kana son ci gaba da wannan ƙaramar cajar, a ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin birekoki, da waya mili 4 (mili shi ne ma'aunin kaurin waya), a sa mata bireka mai amfiya 16 wanda ke haɗe da kariyar yoyon wuta ta miliamfiya 30, a ƙare da soket mai inganci. Ya fi kyau a sa shuɗin soket ɗin nan na masana'antu mai amfiya 16, matuƙar cajarka tana da kai irin nasa. Kada a yanke kan cajar don a canza shi, domin wasu suna da na'urar jin zafi a cikin kan. Igiyar ƙari kuma, irin wadda ake jona talabijin da fanka, a manta da ita gaba ɗaya.

Kada kuma ka raina ta. Yawancin ƙananan motocin lantarki suna cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, kuma yunit ɗin nan shi ne dai wanda mitarka take cirewa. Ke nan awa guda ta wannan caja tana ba ka kusan kilomita 12 zuwa 13. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa ofis da makarantar yara ba, dare ɗaya na wuta ya wadace shi.

Zan sa cajar bango mai kilowat 7. Mai wayarin ɗina ya ce waya mili 6 ta isa, wani kuma ya ce sai mili 10. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Wa zan bi? Daga akwatin birekoki zuwa inda nake ajiye mota zai kai mita 25, kuma ta cikin silin wayar za ta bi. (Wani Alhaji daga Nassarawa, Kano)

Alhaji, bi na biyun. Na farkon bai yi ƙarya ba, sai dai lissafinsa na ƙasar sanyi ne.

Cajar da ake kira mai kilowat 7 tana jan amfiya 32 ne cif, kuma haka za ta riƙe shi har batir ya kusa cika. Hyundai Kona mai lantarki, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, batirinta yunit 64 ne, daga ƙasa zuwa cika kuwa za ta ci fiye da awa tara a kan wannan caja. Jadawalin da masu wayarin ke aiki da shi ya ce wayar jan ƙarfe mili 6 mai rigar PVC, in tana cikin fayif a jikin bango, tana ɗaukar amfiya 41, mili 10 kuma 57. To amma wannan adadi an gina shi ne a kan zafin iska na digiri 30. In zafi ya kai 40 sai a ninka da 0.87, in ya kai 45 da 0.79, in ya kai 50 da 0.71. Wanda ya taɓa leƙa cikin silin a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano ya san digiri 50 ba abin mamaki ba ne a wurin, kuma kwanon ba ya hucewa da wuri ko bayan magariba. A wannan zafin mili 6 ta koma amfiya 29, ƙasa da abin da cajar take ja. Mili 10 kuwa tana nan a wajen 40, daidai da birekan amfiya 40 da za a sa a gabanta. Ƙa'idar ita ce bireka ya faɗi kafin waya ta gaji. In aka ɗora birekan 40 a kan wayar da ba ta iya 30, wayar ce za ta riƙa gasuwa shi yana kallo.

Sai maganar nisa. Wuta tana raguwa a hanya. Mili 6 tana zubar da milibolt 7.3 a kowace amfiya a kowace mita, mili 10 kuma 4.4. A mita 25 ɗinka, da amfiya 32, ta farko za ta cinye kusan bolt 6, ta biyu bolt 3 da rabi. Ƙa'ida ta yarda har kashi 5 cikin 100, wato bolt 11 da rabi, saboda haka duka biyun sun ci jarrabawa ta wannan fuskar. Sai dai gidan da wuta take shigo masa da yamma a 200 ko 195 ba shi da bolt ɗin zubarwa. In da tafiyar gajera ce, mita 10 ko 15, a jikin bango mai inuwa, da mun ce mili 6 da birekan amfiya 32 za su yi. Da zarar nisa ya haura mita 50 kuwa, a fara maganar mili 16.

Wayoyi uku za a ja: mai wuta, da nutural mai mayar da wutar, da ta atin mai kai yoyon wuta cikin ƙasa. A ja su a miƙe, ba gaɓa ko ɗaya a hanya, musamman cikin silin inda ba mai gani. Ga dalili. Gaɓar da ta ɗan saki har tirjiyarta ta kai 0.05 na om kacal, in amfiya 32 ya ratsa ta, zafin wat 51 take fitarwa a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar wake ba, dare bayan dare. Shi ya sa ake ɗaure notocin bireka da na caja da ma'aunin ɗauri kamar yadda takardarsu ta faɗa, a kuma dawo bayan 'yan makonni a sake taɓa su. Inda wayar za ta ratsa tsakar gida ta ƙarƙashin ƙasa, a sa waya mai sulke, a haƙa zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama, sannan a ɗora kyallen gargaɗi kafin a rufe.

Wani abu da ya fi mili 6 ko mili 10 muhimmanci shi ne wayar ta zama abin da aka rubuta a jikinta. Kasuwa cike take da alminiyom da aka yi wa wankan jan ƙarfe, da waya mili 6 da aka buga wa hatimin 10. Ka feɗe bakinta ka ƙirga: mili 10 ta gaskiya zare bakwai ce, kowane kaurinsa milimita 1.35, mili 6 kuma zare bakwai masu 1.04. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya fito a ciki ka ajiye musu kayansu. Nauyi ma shaida ne, domin mita 100 ta mili 10, jan ƙarfen cikinta kaɗai ya kusa kilo 9. A nemi alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, a jikin naɗin, a saya a wurin dilan da za a iya komawa gare shi.

Na ga caja mai kilowat 22 a kasuwa, ance tana cika mota cikin awa uku. Mitar gidana ta fes ɗaya ce, wato waya mai wuta ɗaya ce ta shigo gidan. Zan iya sawa? (Ma'aikaci daga Gwarinpa, Abuja)

A'a, kuma mai yiwuwa ko da za ka iya ba ta da amfani gare ka. Akwatin da ake mannawa a bango ba shi ke cajin batir ba. Aikinsa ya tabbatar komai lafiya, ya gaya wa mota iyakar abin da za ta ja, sannan ya buɗe mata wuta. Ainihin cajar tana cikin motar, kuma da yawa daga motocin da ake shigowa da su iyakarsu kilowat 6.6 ne ko 7, wasu 11. Ko ka jona irinsu a mai 22, abin da suka saba ja shi za su ja. Kilowat 11 da 22 kuma duk sai da fes uku: amfiya 16 a kowane fes ga ta farko, 32 ga ta biyu.

Ko mai kilowat 7 ɗin ma sai an duba gidan tukuna. Je ka karanta fuskar mitarka. Za ka ga wani abu kamar 5(60)A ko 5(80)A, lambar cikin baka ita ce iyakarta. Sai ka lissafa abin da ke kunne da dare: na'urar sanyaya ɗaki biyu wajen amfiya 12, hitar wanka 9, injin tura ruwa 4, firji da fankoki da fitilu kamar 5. Talatin ke nan. Ƙara 32 na mota, ka haura 60. Mitar kati in an wuce iyakar da kamfani ya sa mata yankewa take yi. In ba ta yanke ba, fiyus ɗin shigowa ko mahaɗar wayar alminiyom da ta sauko daga falwaya ce za ta ji a jikinta. Wannan mahaɗar, inda alminiyom ya gamu da jan ƙarfe, a sa mata maɗauri na musamman mai ƙarfe biyu. Murɗa su da hannu a naɗe da tef shi ke kawo farin garin nan da ake gani, daga nan sai tartsatsi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rage cajar zuwa amfiya 16 ko 20, kusan dukkansu suna da wurin saita wannan. Akwai kuma masu zuwa da ɗan zobe da ake maƙalawa a babbar wayar shigowa, yana auna abin da gida ke ci, cajar ta riƙa rage kanta in an kunna hita, ta ƙara in an kashe. In kuwa lallai kana son fes uku, sai ka rubuta wa kamfanin rarraba wutar yankinka, AEDC a wurinka, KEDCO ga na Kano, su duba layin su canza mita. Masu ba da shawarar a ɗauko layin caja ta bayan mita kuwa, satar wuta ce ƙarara, Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kanta, kuma layin da aka ja a ɓoye yawanci ba bireka a gabansa.

An gama sa mini caja amma ta ƙi aiki, sai jar fitila take nunawa, takardarta ta ce matsalar atin ce. Yaron da ya yi aikin ya ce zai haɗa wayar atin da ta nutural a cikin cajar, wai haka ake yi. In bar shi? (Wata Hajiya daga Sakkwato)

Hajiya, don Allah kada ki bar shi. Fitilar za ta koma kore, wannan gaskiya ne, amma abin da cajar take gargaɗi a kai yana nan, an rufe mata baki ne kawai.

Jikin mota ƙarfe ne, kuma duk lokacin da take caji a haɗe yake da wayar atin ta gidan. Tayoyi roba ne, ba sa kai wuta ƙasa. In aka haɗa atin da nutural a wurin caja, ranar da nutural ya tsinke a kan falwaya ko a taransifoma, abin da ke faruwa a unguwanninmu lokacin iskar damina, wuta za ta bi ta kayan gidan ta dawo ta hau jikin motar. Yaron da ya taɓa ƙofa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ne zai zama hanyarta.

Gyaran gaskiya a ƙasa yake. Gidajenmu da yawa atin ɗinsu ɗan guntun rodi ne da aka soka tun ana gini, wasu ma wayar tana cikin soket amma ba ta je ko'ina ba. Ana buƙatar sandar ƙarfe mai rigar jan ƙarfe, kaurin milimita 16, tsawon mita 1.8 zuwa 2.4, a buga ta har ta nutse, a haɗa ta da akwatin birekoki da waya mili 16 ta hanyar maɗaurin tagulla, a yi mata ɗan rami mai murfi don a riƙa dubawa. Sannan a auna da na'urar auna atin, ba da ƙwan fitila ba. Ƙa'idar Ingila, wadda wayarin ɗinmu ya gada, tana ganin duk abin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, wasu motocin kuma suna ƙin caji tun daga wajen om 100. A yi ƙoƙarin saukowa ƙasa da haka sosai, in an samu 10 ko ƙasa madalla. A ƙasar rairayi irin ta Sakkwato sanda ɗaya ba ta cika isa ba. A buga biyu ko uku, tsakanin kowace da 'yar'uwarta aƙalla tsawon sandar, a haɗe su. Kuma awon da za a yarda da shi na watan Maris ne ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Atin da ya yi kyau a Agusta yana iya zama banza da rani. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa suna sauke awon na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin sandar, ruwa kuma yana wanke shi. Yumɓun bentonait, wanda masu haƙar rijiyar burtsatse ke amfani da shi, ya fi daɗewa.

Atin shi kaɗai ba ya ceton rai sai da abin da zai yanke wutar, wato RCD mai miliamfiya 30, mai yanke waya mai wuta da nutural gaba ɗaya. A nan ma akwai tarko. Wanda ya cika kasuwa nau'in AC ne, shi kuwa in mota ta yi yoyon wuta irin ta batir yana iya daskarewa ya kasa faɗuwa. A duba takardar cajar: in ta ce tana gano yoyon DC na miliamfiya 6 da kanta, RCD nau'in A ya isa. In ba ta ce ba, sai nau'in B, mai tsada. A haɗa da na'urar kare tsawa nau'i na 2 a akwatin birekoki, da ɗan abin nan mai nuna lamba da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, a saita shi ya jira minti biyu ko uku bayan an dawo da wuta kafin ya saki. Kowa ya san da wane irin ƙarfi take dawowa wani lokaci.

Unguwarmu ba ta cikin rukunin A na masu samun wuta mafi yawan awanni, wutar awa shida ma ba kullum ba. Ina da janareta da sola mai inbata 5kVA. Da wanne zan yi caji? (Ɗan kasuwa daga Zariya)

Da sola, da rana. Mai tafiyar kilomita 50 a yini yana buƙatar kamar yunit 10 in an haɗa da asarar caji. Fanel ɗaya mai wat 550 a ranar arewa yana ba da yunit biyu da 'yan kai a yini in ana goge masa ƙura, ke nan fanel biyar na ƙari sun biya wannan. A saita cajar a amfiya 10 zuwa 13 don inbata ta samu sararin ɗaukar gida, a yi cajin tsakanin hantsi da la'asar. Caji da dare daga batirin gida ɓarna ce: batirin litiyom mai bolt 48 da amfiya-awa 200 duka-duka yunit 10 ne, mota za ta shanye shi ta bar iyali a duhu, ita kuma in irin Kona ce ko kashi ɗaya cikin biyar na batirinta ba ta samu ba. Ƙasa da amfiya 6 dai ba a caji, nan ne iyakar ƙa'idar.

Janareta na ranar larura ne. Caja mai amfiya 32 tana son injin da bai gaza 12kVA ba, ƙaramin inji kuma sai an sauke ta zuwa amfiya 8 ko 10. Ƙananan injina da yawa nutural ɗinsu a sake yake, bai haɗu da ƙasa ba, shi ya sa caja take ƙin su. Ana haɗa nutural da atin a jikin injin kansa, a buga masa sanda, kuma cenji-oba ya zama mai raba nutural na NEPA da na inji. Wannan daban yake da dabarar da muka hana Hajiya, domin a tushen wutar aka yi shi, kuma aikin ƙwararre ne. Litar dizal ɗaya wajen yunit uku take bayarwa, sai ka lissafa da farashin yau ka ga ko ribar motar ta rage.

Motata daga Sin aka kawo ta, cajar da na saya ta Turai ce, kan ya ƙi shiga ko da yake ramukan bakwai ne duka. (Matashi daga Maiduguri)

Kada ka tilasta. Na Sin sunansa GB/T, na Turai Type 2, sun yi kama amma maza da matan ƙafafun a juye suke. Yawancin motocin Amurka kuma Type 1 ne mai ƙafa biyar, ban da Tesla mai nata kan da wasu sababbin motoci da suka koma irin nata. Ka canza igiyar ko cajar zuwa GB/T, ko ka sayi mahaɗi mai ɗaukar amfiya 32 na gaske. Mai motar Amurka ya karanta jikin ƙaramar cajarsa kafin ya soka a bango, wasunsu na bolt 120 ne kawai.

Me zan duba kafin in sallami mai aikin? (Malama daga Jos)

Malama, ki fara da tambayarsa shaidar hukumar NEMSA, ita ke tantance masu aikin wayarin a Najeriya. Sai ya nuna miki awon atin a fuskar na'ura ki rubuta lambar, ya gwada rigar wayoyin da mega, na'urar gano yoyon wuta a rigar waya, a bolt 500, ya danna maɓallin gwajin RCD ki ga ya faɗi nan take. Cajar ta kasance a inuwa, tsayin kamar mita ɗaya daga ƙasa, inda ruwan indararo ba ya dukanta, wayar kuma ta shiga ta ƙasan akwatin don kada ruwa ya bi ta ya gangara ciki. In a waje take, a duba an rubuta IP54 ko sama da haka saboda ƙurar hunturu. Daga nan a jona motar ta yi awa guda tana ja da cikakken ƙarfi, a auna bolt a akwatin birekoki da kuma a bakin caja, bambancin kada ya kai 11. Ki ɗora bayan hannu a murfin bireka da jikin fayif. Ɗumi kaɗan ba komai. In kuwa hannu ba ya iya zama, ko kika ji warin roba, a kashe a buɗe a nemo notin da bai ɗauru ba, sauran kuɗin aikin ya jira sai an sake wannan gwajin.